Takwas Ne, Ba Huɗu Ba

Kazaure,
Ranar Laraba da hantsi.

Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki kin sauka Babura lafiya, kin sami ɗakin zama mai ƙofa da makulli, da ruwa a kusa. Allah ya tsare mini ke a hanya da masauki, ya haɗa ki da shugaba mai adalci da ɗalibai masu jin magana. Wannan addu'a ta ƙarshe sai na yi mata gyara, za ki ga dalili a gaba.

Ga littafin nan da kika hana ni sakat a kansa, na ba direban da zai kawo miki gero ya haɗa miki da shi. Tun ranar da takardar ɗaukar ki aikin koyarwa ta fito kike bi na da magana ɗaya: "Baba, littafin darasinka na kemistiri." Na ce yana cikin akwati, na ce makullin ya ɓace, daga baya na ce ai gara ta cinye shi. Kin san ƙarya nake yi, don kin gaji idon mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta. Gara ba ta ci ba. Da ta ci, da ta yi mini rana. Ina roƙonki kada ki buɗe shi sai kin kai ƙarshen wannan takarda.

Na san yadda kika ɗauke ni. Kin taso kina jin mutane a kasuwa suna ce miki 'yar Malam mai kemistiri, kina ganin manyan ma'aikata suna sauka daga mota suna durƙusa mini. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli, kuma ba zan ce ban yi komai ba. Amma akwai shafi guda a littafin nan, na arba'in da bakwai, wanda za ki tarar a ninke. Ni na ninke shi, shekara ashirin da shida ke nan. Gara ki ji labarinsa daga bakina tun ina da bakin, ko da kuwa zai rage mini daraja a idonki.

Littafin ba ni na tsara shi ba. A kwalejin horon malamai na kwafe shi daga allo, kalma da kalma, daga wani malaminmu da muke jin tsoro fiye da kunama. Shi ma ina zaton kwafa ya yi a wajen nasa malamin. Mun ɗauki karatun boko yadda muka ɗauki na allo: malam ya biya, ka maimaita, ka haddace, ka wanke. Na allo ya cancanci haka, domin ba a ƙara wa maganar Allah ko wasali. Lissafin sinadari kuwa ba saukakke ba ne, mutum ne ya rubuta, kuma hannun mutum yana zamewa. Ban taɓa zama na warware misali ko ɗaya da kaina ba kafin in kai shi aji. Kunya nake ji ina rubuta miki wannan, amma haka aka yi.

Saboda haka, Mamana, duk lissafin da za ki kai gaban yara, ki zauna da fensir ki bi shi tun daga tushe, ko da na littafin babanki ne. Musamman ma na littafin babanki.

Kin fi ni sanin darasin yanzu, amma bari in faɗe shi yadda ya kamata a ce na koyar da shi. Ba mai iya zama ya ƙirga ƙwayoyin atom ɗaya bayan ɗaya, sun fi ƙarfin ido balle yatsa. Mai goro ba ya cewa ɗari, ƙwarya yake cewa. Mu ma muna da tamu ƙwaryar, ita ce mol, sai dai ta fi tasa zurfi: shida, a jera mata sifili ashirin da uku, da ɗan ɗori a kai. Sai ki ɗora sinadarin a sikeli, ki raba nauyinsa da nauyin mol ɗaya, kin san ƙwarya nawa ke hannunki ke nan. Ki ninka da waccan doguwar lamba, kin sami yawan curin sinadarin. Saura mataki na ƙarshe, wanda mai gaggawa yake yi wa riƙon sakainar kashi: ki buɗe curi ɗaya ki duba da kyau, atom ɗin da aka tambaye ki guda nawa ne a cikinsa, sannan ki ninka. A nan na faɗi.

Tambayar da ke shafin ita ce: atom ɗin haidurojin nawa ne a cikin giram 66 na amoniyam salfet, wato farin takin zamanin nan da ake rubutawa (NH₄)₂SO₄? Nauyin mol ɗaya giram 132 ne, don haka rabin mol ke nan. Har nan lafiya lau. Sai littafin ya ga ɗan huɗun da ke gindin haidurojin ya ninka da shi, ya manta da biyun da ke tsaye a wajen baka. Ya ba da amsa 1.204 × 10²⁴. Amsar gaskiya ninkinta ce, 2.408 × 10²⁴. Shekara biyar ina rubuta rabin gaskiya a allo a wata makarantar sakandare ta ƙasar Roni, yara suna kwafa suna ja mata layi biyu a ƙasa, ba wanda ya ce uffan.

A shekara ta shida aka kawo mana Hammadu. Ɗan Fulani ne daga wata ruga a ƙasar Gwiwa, dogo, siriri, ba ya son magana, yana zuwa a kan wani tsohon keke marar birki da yake tsayarwa da tafin ƙafa. Mahaifinsa bai so karatun ba. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin in har ba a ga alamar zai zama wani abu ba, ya komo wajen shanu. Shi kuwa yaron, so yake ya zama likitan dabbobi. Da bakinsa ya faɗa mini, wai yana ƙarami ciwon huhu ya kwashe musu rabin garke suna tsaye suna kallo.

Ranar da na kai wannan misali aji, na rubuta, na ja layi biyu, na karkaɗe hannu. Sai na ji murya daga bencin baya.

"Malam, gafara dai."

Ya fara da Turanci, Turancin ya ƙi, sai ya zame cikin Hausa.

"Malam, ni gani nake abin da ke cikin bakan nan kamar saniya ce. Naitirojin shi ne kai, haidurojin su ne ƙafafu huɗu. To ga biyu a wajen baka, wato shanu biyu ne a turke. Shanu biyu kuwa, Malam, ƙafa takwas ne."

Aji ya fashe da dariya. Shi bai yi dariya ba, ya ci gaba yana duban takardarsa.

"Kuma Malam, na haɗa nauyin. In aka cire biyun nan, ɗari da sha huɗu nake samu. Sai an sa shi ake kaiwa ɗari da talatin da biyu."

Wallahi, Mamana, kafin ya rufe baki na gani. Na dubi allo na ga biyun nan a tsaye, sai ka ce yau aka rubuta shi. Shekara biyar ina wucewa ta gabansa. Ga yara hamsin da wani abu sun zuba mini ido. Abin da ya kamata in ce bai wuce kalma uku ba: "Ka yi gaskiya." An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, to ni da haukan na naɗe tawa. A lokacin akwai doka a makarantar, duk wanda ya yi Hausa a aji sai an hore shi. Dokar da ni kaina nake karyawa sau goma a rana, ita na rarumo.

Na daka masa tsawa da Turanci, na ce wa ya ba shi izinin yin Hausa a ajina? Na ce nan aji ne ba ruga ba, in ƙirga shanu yake so ga ƙofa nan a buɗe. Na sa shi ya durƙusa a bakin aji cikin rana har aka kaɗa ƙararrawar tara. Lissafin ma ban sake komawa kansa ba. Daga ranar yara suka laƙaba masa Ƙafa Takwas, ina ji ana kiransa haka a fili, ban hana ba.

Ki ji ni da kyau. Wata rana yarinya za ta ɗaga hannu ta ce kin yi kuskure. Za ki ji kamar an tuɓe miki mayafi a tsakiyar kasuwa. Kada ki ce komai a wannan lokacin. Ki juya ki dubi allo, ki ƙirga. In ita ce da gaskiya, ki miƙa mata allin ta zo ta gyara da hannunta, ki sa a tafa mata. Kuma da duk harshen da gaskiyar ta zo, Hausa ko Fillanci ko Barbarci, ki karɓe ta tukuna, a yi maganar Turanci daga baya. Mu nan an yi mana tarbiyyar kada ƙarami ya gyara wa babba magana, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure. Ni na ɗauke ta na kai ta inda ba wurinta ba, na fake da ita.

Da na koma gida da la'asar na tarar da mahaifiyarki tana tankaɗe, ke kuma kina goye a bayanta. Na ba ta labari ina neman ta taya ni jin haushi. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Malam, yaron nan shi ke da gaskiya ko kai?"

Na ce ba wannan ce maganar ba, maganar ladabi ce.

"To gobe ka je ka ce ya fi ka gaskiya. Ba abin da zai ragu a jikinka."

Na ce, "Ke me kika sani a kemistiri?"

Ta ɗauki rariyarta ta ce, "Ban san kemistiri ba, amma na san ƙafar saniya."

Kwana biyu ban ci tuwonta da daɗin rai ba. Ba ta sake tayar da maganar ba sai sau ɗaya, a ciwonta na ajali, ta tambaye ni ko na taɓa neman yaron nan. Na ce zan neme shi. In Allah ya ba ki wanda zai faɗa miki gaskiya a cikin gida, miji ne ko ƙawa, kada ki tambaye shi takardar shaidar karatunsa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Tambayoyin jarrabawar ƙarshen shekara tun farkon zango na miƙa su aka buga, kuma daga littafin na kwaso su, har da wannan. Maki goma sha biyu ke kanta. Ka'idar makarantar kuwa, wanda bai kai arba'in a kemistiri ba a shekarar farko, a cire shi daga ajin kimiyya. Na zauna a ofishin malamai da jan biro ina duba takardu. Kowa ya ninka da huɗu, yadda na koya musu. Mutum ɗaya ne ya ninka da takwas, ya jera aikinsa tsaf, mataki bayan mataki, ko gogewa babu. Sauran tambayoyin da ke son dogon bayani da Turanci sun ba shi wuya, ya tashi da talatin da huɗu. In na ba shi haƙƙinsa, arba'in da shida ke nan, ya haye.

Tun hantsi nake riƙe da biron nan har aka kira azahar. In na ce nasa daidai ne, sai in soke na yara hamsin, shugaban makaranta ya tambayi dalili, a gane cewa shekara shida ina koyar da kuskure. Na tashi na yi alwala na yi salla, na dawo na zabga wa amsarsa jan kuros. Ki lura, bayan salla na yi. Ba cikin fushi ba, ba cikin ruɗewa ba, da hankalina. Da aka zo raba takardu na ce tasa ta ɓace, na cusa ta cikin littafina don kada wani malami ya gani.

Aka cire Hammadu daga ajin kimiyya. Bayan hutu bencinsa ya zama na wani. Na ji an ce mahaifinsa ya ce to ai an gwada, a dawo gida. Ba kiwo nake rainawa ba, sana'ar annabawa ce, kuma nonon da kika sha kika girma daga irin rugarsu ya fito. Amma ba shi ya zaɓa ba, ni na zaɓa masa, don in tsira da girman da ko nawa ba ne.

Jan biro ba abin wasa ba ne, Mamana. A hannunki ba shi da nauyi, a gidan wasu kuwa shi ke yanke wa yaro hanya. Duk takardar da kika ji ranki yana so ta faɗi, ki ajiye ta, ki ba wani malami ya duba.

Shekarar da ta biyo na ninke shafin. Na riƙa tsallake shi, na kawo wani misali da na warware da kaina, na koyar daidai. Har na yi suna wajen ja wa yara kunne a kan lambar da ke wajen baka. Ke ma kin sha ji ina cewa, "A dubi wajen baka!" Kina dariya kina cewa Baba da bakansa. To yau kin san wanda ya koya mini. Na ci amfanin gyaransa shekara da shekaru, shi ko sannu ban ce masa ba. Kullum ina cewa zan neme shi, bayan jarrabawa, bayan girbi, bayan Salla. Daga nan zuwa Gwiwa tafiyar da ɗan acaɓa zai kai ka ya dawo kafin shayi ya huce, amma ta gagare ni.

Shekara uku da suka wuce na je kasuwar Babura neman ragon layya. Ina cikin kara ina taɓa wannan ina taɓa wancan, sai wani dogon mutum mai furfura a gemu ya cire takalmi ya durƙusa a gabana cikin kashin dabbobi.

"Allah ya gafarta Malam. Ba ka gane ni ba ko? Hammadu ne. Ƙafa Takwas."

Ya faɗi sunan yana murmushi. Ya zama dillalin dabbobi, ya koma Babura da iyalinsa. Abokan sana'arsa suka ce in ya dubi sa sau ɗaya zai faɗi nauyinsa, a kai sikeli a tarar haka ne. Ya zaɓa mini rago da kansa, ya duba haƙora, ya duba kofato. Na ce a raina yau Allah ya kawo ranar. Na buɗe baki ke nan sai ya riga ni.

"Malam, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Na yi maka musu a gaban aji, ina yaro ban san komai ba. Na ga sakamakonsa kuwa. Don Allah ka yafe mini."

Mamana, kin san abin da babanki ya ce? Ga dillalai a tsaye, ga masu saye, kowa yana sha'awar ladabin almajiri ga malaminsa. Na ɗora hannu a kafaɗarsa na ce, "Ba komai, Hammadu. Na yafe maka."

Ni na yafe masa! Ya yi ta godiya har da ƙwalla. Ya ce yana da 'ya, Dija, kanta yana ja ƙwarai a lissafi, ya sa ta a boko kuma ba zai cire ta ba. Ya ce, "Amma na ja mata kunne, Malam. Na ce ko me malami ya rubuta, ki kwafa ki yi shiru. Kada ki kuskura ki yi irin tawa." Na ce Allah ya yi mata albarka. Na ja ragona na hau mota, ban san yadda na iso Kazaure ba. Naman ragon nan ko tsoka ɗaya ban iya haɗiyewa ba, kuka yi ta tambaya ko ba ni da lafiya.

Na ce zan koma in same shi shi kaɗai, ba a gaban mutane ba. Na sake shiga bayan girbi, bayan Salla. Da daminar bara zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa. Na je ta'aziyya, na zauna a tabarma, aka nuna ni ana cewa ga malaminsa ya zo, aka matsa mini wuri mai inuwa. Ya tafi yana ganin shi ne mai laifi. Da na sani ƙeya ce, kuma tawa ta zo ba ta da wurin zuwa, don wanda zan roƙa yana ƙarƙashin ƙasa. Abin yana ci na, Mamana. Ina tsoron ranar da za a tsayar da ni da shi, a fito da takardar nan.

In kin ci haƙƙin wani, ki je a ranar, kafin rana ta faɗi. Kada ki jira wuri mai kyau ko lokaci mai kyau, ni na jira su shekara ashirin da shida ba su zo ba.

Yanzu ga roƙona. Da takardar aikinki ta fito na ga sunan makarantar, sai na tuna da 'yar Hammadu. Na sa an bincika mini, Dija tana nan, a shekarar farko ta ajin kimiyya, ajin da za a ba ki. An ce ba a jin muryarta.

Idan kun iso wannan darasi, ki buɗe shafi na arba'in da bakwai, ki warware ninkin. Ki rubuta misalin a allo yadda yake a littafin, da huɗunsa, ki ja layi biyu. Sannan ki juyo ki jira. Kada ki yi gaggawa, ki ba su lokaci. In wata ta ɗaga hannu, alhamdu lillahi, ki ba ta alli. In kuwa kika ga duk sun sunkuya suna kwafa, har da wadda idonta ya nuna ta gani, to kin ga aikin babanki da idonki. Sai ki ajiye littafin ki ba su labarin shanu biyu a turke. Ki faɗi sunan wanda ya kawo misalin, ki faɗi sunan malamin da ya sa shi durƙuso a rana. Kada ki sakaya ni, na sakaya kaina ya isa.

A cikin ninkin za ki tarar da takardar jarrabawarsa, ta yi ja don tsufa. Jiya da safe na sayi sabon jan biro, na soke kuros ɗin, na ba shi makinsa goma sha biyu, na mayar da talatin da huɗu arba'in da shida, na sa hannu. Ki ba Dija a hannunta, ta kai wa mahaifiyarta. Ki ce mata babanta ya ci jarrabawarsa. Ki ce mata takwas ne, tun ranar takwas ne, kuma malamin ya sani. In sun ga dama su yafe mini a madadinsa, in ba su ga dama ba kada ki matsa musu, suna da gaskiya.

Ke ma ban san da wane ido za ki dube ni ba idan kin zo hutu. Duk wanda kika zo da shi, zan karɓa.

Ga gyaran addu'ar da na ce zan yi. Allah ya haɗa ki da ɗalibai masu ladabi waɗanda ba sa tsoron ce miki kin yi kuskure, ya ba ki zuciyar da za ta ce musu na gode. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane da na girman kai. Ya kiyaye lafiyarki da mutuncinki, ya sa albarka a allinki. Allah ya ji ƙan mahaifiyarki, ya ji ƙan Hammadu, ya ba shi a can abin da na hana shi a nan. Ƙannenki suna gaishe ki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki rufe ƙofarki, ki sa ni a addu'a.

Wassalam.

Naki,
Babanki, wanda ya ninka da huɗu.